Kurkunu Biyu da Tukunyar da Gara Ta Shiga

Mai shan ruwan tafki ya matso, mai binne kuɗi a ƙarƙashin gado shi ma ya matso, da ku nake. Ni ce Saratu, matar kafintan nan mai ɗingishi na Sabon Garin Gusau. Na gaji da yi wa mutane bayani ɗai-ɗai a bakin rijiya, shi ya sa na nemi takarda. Masu cewa taurin kaina ne ya gurgunta mijina su ma ga nasu, su nemi mai karanta musu.

Ni 'yar ƙasar Zazzau ce, ina ƙarama iyayena suka karɓi bin Almasihu. Maigidan, Baban Rahila, mutumin ƙasar Bunguɗu ne, daga wani ƙauye kusa da Karakkai, gidan da har yau suke yi wa dutse yanka. Neman kuɗin haraji ne ya kai shi wajenmu. Can ya koyi aikin katako da karatu, can ya ba da gaskiya, can aka ɗaura mana aure. Aikin layin dogo ya dawo da shi ƙasarsu, muka yi ta bin layi yana kafa ƙofofi da tagogi, muka yi damina guda a Tsafe, sannan muka sauka Gusau.

Shekarar da jirgi ya iso garin nan aka sallame su, aka biya shi fam bakwai na takarda. Lokacin kasuwa ta fara lalacewa. Manomi zai koro jakai uku na auduga ya koma gida da abin da bai kai haraji ba, gyaɗa ma haka, kowa sai maganar kuɗi zai ɓace daga ƙasa. Na ce masa ya canja takardun nan zuwa sulalla. Ya ce masu canji suna yanke sisi a kowace fam, shi kuwa ba zai yi wa wani gumi ba. Sai ya naɗe su a tsumma, ya sa a tukunya, ya rufe da faifai, ya binne a ƙarƙashin gado, daidai yadda ya ga ubansa yana binne wuri, kuɗin mutanen da. Wuri dai ƙashi ne, ya shekara goma a ƙasa ba abin da zai same shi. Ba wanda ya tuna mana cewa takarda ba wuri ba ce, mu ma ba mu tuna ba.

Abin da na lura da shi, kowace safiya in mun gama addu'a, kafin ya fita sai ya taka wurin nan da dunduniya. Na san a nan yake faɗin amin ɗinsa na gaskiya. Ni ma kada in yi ƙarya, in na ji ƙarar dunduniyar hankalina yakan kwanta.

Ruwa ya yi kamar sau biyar da sauka sai ya fara sosa idon sawunsa na dama. Kwana biyu wurin ya tashi ya ɗuri ruwa, yana cewa kamar an ɗora masa garwashi. Na kira Inna Hassi, tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita, Musulma mai sayar da fura. Kallo ɗaya ta yi.

"Kurkunu na. Ina kunka sha ruwa bara?"

Na ce a Tsafe, a ramukan da aka ɗebi ƙasar layi.

"To ga kuɗin ruwanku ya zo."

Ita ta koya mini aikin. A tsoma ƙafar a ruwan sanyi har ƙurjin ya fashe, sai kan abin ya leƙo fari kamar zare. A ɗaure shi a guntun kara, a murza a hankali, tsawon ƙwayar dawa biyu ko uku a yini. Da ya yi tauri a tsaya, a ɗaure karan da tsumma a jikin ƙafa sai gobe. Ta kama kunnena kamar 'yar cikinta ta ce, "Saratu, shi zai ce ga ranar da zai fita, ba ku ba. Kada ki bari a ja shi."

Mako na biyu dawa ta ƙare a gidan, ga shi ba ya iya taka ƙafa balle ya nemi aiki. Ya ce in tono tukunya. Na janye gado da rana tsaka, na sa fartanya, na ɗaga. Faifan babu shi. Cikin tukunyar jar ƙasa ce cunkus da ƙananan hanyoyi, gara na ta kai da kawowa abinta. Na zazzage a tabarma na tsince da yatsu, abin da na samu guntu ne da bai kai faɗin ganyen tsamiya uku ba, da rabin hoton bishiyar nan da ke jikin kuɗin. Na ɗauka na kai wa wani akawun kanti. Ya juya shi ya ce sai da lamba ake canjawa. Na ce gara ta ci lamba. Ya ce to in je in tambayi gara.

Da na dawo gida na faɗa wa mijina maganganun da ba zan rubuta ba. Na tuna masa sisin da ya hana masu canji. Na tuna masa cewa ba sau ɗaya ba an karanta mana a ɗakin sujada abin da ke samun dukiyar da aka ɓoye a ƙasa, muna zaune muna gyaɗa kai kamar da wasu ake. Ya juya fuska ga bango. Na yi nadamar bakina daga baya, amma a ranar ko kaɗan.

Na shiga yi wa Inna Hassi dakau, kwabo da ɗan tsaki a yini. A mako na uku labari ya zo cewa ana neman kafintoci a Tsafe za a rufa wani ɗakin ajiyar auduga, wanda bai isa ba kafin ranar kasuwa ya rasa. Lokacin abin da muka naɗe a kara bai fi tsawon kamu ɗaya ba. Ya ce in ƙara murzawa. Na ce a'a. Ya ce, "Saratu, aikin nan shi ne na ƙarshe a ƙasar nan, in ya wuce me za mu ci?" Na ce abin da muka ci jiya. Na ɗauki taɓarya na fita.

Da azahar na dawo na same shi zaune, tsumma a kwance, karan a hannunsa, ƙarshen zaren yana lilo. Bai ɗago kai ba ya ce, "Ya tsinke."

Wayyo! Ku da ba ku taɓa ganin kurkunun da ya tsinke ba, kada Allah ya nuna muku. Ragowar ya koma ciki ya mutu. Kafin kwana uku ƙafar ta yi kamar turmi, fata tana sheƙi, zazzaɓi yana kaɗa shi har gado na motsi. Daga nan sai wari. Rahila 'yarmu, mai shekara uku, ta daina shiga ɗakin.

Masu shawara kuwa suka yi mana ca. Wannan ta ce ganyen tumfafiya, waccan ta ce kashin shanu mai ɗumi, wani ya ce a shafa toka da kanwa. Wani dattijo a cikin 'yan'uwanmu na sujada ya zo ya yi addu'a mai tsawon zangon jaki, ya ce mijina ya bincika zuciyarsa ko akwai zunubin da ya ɓoye, ya sha ruwanmu ya tafi hannu rabbana. Ban manta ba. Haka ban manta da matan Yarabawan nan na sujada ba, da ba ma jin harshen juna sosai, amma kowace Lahadi sai sun aiko da kwanon abinci. Inna Hassi kuma kullum da safe sai ga curin fura ta kan katanga, tana cewa wai kwantai ne. Furar da nake dakawa da hannuna, ni za a ce wa kwantai!

Mako na huɗu na yi hayar jaki taro, wato kwabo uku, na kai shi ɗakin maganin da ke kusa da tasha. Tun hantsi muke zaune a gindin bango. Masu katin aiki su ne farko, sai masu wando da takalmi, sai mu. Ranar farko aka rufe ba a kai kanmu ba, ta biyu ma haka, ga taron jaki kullum. Rana ta uku na je na tsaya a bakin ƙofa na kwance tsumman ƙafar, na ce in ba za su duba shi ba to su shaƙa tare da ni. Nan take aka shigar da mu.

Mai ba da maganin wani tsoho ne mutumin kudu, Baba Disfensa ake ce masa, Hausarsa a karye amma hannunsa tsaf. Ya dafa wuƙarsa a ruwan zafi, ya tsaga, abin da ya fito ya kusa cika ƙwarya. Ya wanke da wani ruwa mai kalar zoɓo, ya zuba abin da ya kira aidin, mijina ya yi ƙarar da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Sannan ya tsoma alƙalami a tawada ya ja layi a ƙafar, yatsa uku sama da gwiwa.

"Kumburi ya wuce nan, jirgi, Zariya, yanke. Ba wuce, ƙafa naka ne."

Ya juyo gare ni ya ce ruwan sha kuma in riƙa tacewa da ƙyalle, domin abin a ruwa yake shiga mutum. Wankin ciwon sisi ne duk zuwa tunda ba mu da kati. Na sayar da tasoshina, na sayar da zanen aurena. Wani ya zo yana taya zarto da guduma da kurfin maigidan a kuɗin banza, na ce ya fita mini daga gida, mai su bai mutu ba.

Daga ranar nan ba ni da abin kallo sai layin tawadar nan. Kowace safiya in auna da yatsa. Yatsa biyu. Yatsa ɗaya da rabi.

Ana saura yatsa ɗaya sai ga Yaya Nomau, wan maigidan uwa ɗaya uba ɗaya, ya iso daga ƙauye da jakinsa ɗauke da hatsi. Zan faɗi gaskiyarsa: mutumin nan yana son ƙanensa. Da ya ga ƙafar ya zauna a ƙasa ya yi kuka. Da ya share hawaye ya ce ya riga ya yi cinikin bijiminsa don jinyar ƙanen nasa. Zai ɗauke shi zuwa gida, wanzami ya yi masa sakiya, a ci da shi da mu har kaka. Abu ɗaya ne: dattawa sun duba sun ce dutsen gidansu ne ya yi fushi tun da ya juya masa baya. Sai ya durƙusa a gindinsa da kansa, a yanka baƙar akuya, ya bar wannan hanya da ya ɗauko a Zazzau.

Na ce, "Yaya, hatsin muna so, sakiyar ma da ba a riga an tsaga ba da ban ƙi ba. Akuyar ce da durƙuson ba za a yi ba."

Ya ce, "Ke wa ya sa bakinki? Mi kika aje a gidan ga? Ina abin da Allahnku ya ba ku, ban da tukunyar gara?"

Ashe labarin ya kai har Bunguɗu. Na ji kunya, ba zan ɓoye ba. Na ce ba Allah ne ya binne takarda ba, mu ne.

Kwana biyu jakin nan yana ɗaure a ƙofarmu. Rana ta biyu da la'asar, Yaya ya fita ba shi ruwa, maigidan ya kira ni da murya ƙasa-ƙasa.

"Saratu, ko anini ba mu da shi. Gobe ranar wanki ce, ina sisi? Bari in tafi. Durƙuso ne kawai na ɗan lokaci. In na warke in dawo in nemi gafara, ai Ubangiji ya san zuciyata."

Na ce, "Ya santa, ni ma na santa, ita ce mai taka tukunya da dunduniya. Tsoron rashi ya sa ka binne kuɗi, tsoron rashi ya sa ka ja kurkunu, yanzu shi ne zai ɗora ka a jaki. Sau nawa abu ɗaya zai cuce ka? Ni ba zan riƙe ka ba, ba ni da ƙarfin. Amma ba da hannuna za a ɗora ka ba, kuma ba zan bi ka ba."

Na je na zauna a bakin ƙofa. Kada wani ya ɗauka ina da tabbacin zai warke. Ban da shi. Ina ganin yatsa ɗayan nan kamar yadda kowa ke gani. Na dai san cewa in ya durƙusa ya warke, mutumin da zai dawo mini ba shi ne wanda na aura ba, kuma duk ranar da kasuwa ta sake faɗuwa zai sake neman inda zai durƙusa.

Da Yaya ya shigo, maigidan ya ce in miƙo masa tukunyar. Ya riƙe ta a cinya ya ce, "Yaya, na dogara da wannan, ka ga abin da ta ba ni. Na dogara da hannuna, ka ga ƙafar. Wanda nake kira kowace safiya shi kaɗai ne ban taɓa sakar wa nauyina ba. Ka yi haƙuri, ka mai da bijiminka. Ko da ƙafa ɗaya ne, a nan zan zauna."

Yaya Nomau ya miƙe ya kakkaɓe riga. Ya ce, "Aradu, matar ga ta kashe ka. In ka mutu kada a aiko muna." Ya kwance jakinsa ya tafi da hatsin da ya zo da shi.

Washegari ban da sisi, amma na goya mijina a baya kamar jariri, ina hutawa a kowace inuwa, har ɗakin magani. Na ce wa Baba Disfensa babu. Ya dube ni ya dubi ƙafar, ya nuna mini tulin tsummokaran ɗaure ciwo a kusurwa. Na wanke su tas na shanya, shi ya wanke ƙafa. Haka muka yi ta yi da shi har ƙarshe, Allah ya sāka masa.

Mako na shida kumburi ya taɓa layi. Ya taɓa shi sosai, har tawadar ta baje. Kwana biyu yana nan, bai hau ba bai sauka ba. Addu'ar da na yi a kwanakin nan ba irin ta Lahadi ba ce, faɗa ne. Na ce, "Ya Yesu, na kori bijimi saboda kai, duk Bunguɗu sun ji. In za ka ɗauki ƙafar ɗauka, ba zan fasa binka ba, amma ka sani ban ji daɗi ba." Rana ta uku da safe na ɗora yatsa, sai na ga fata ta yi 'yan tamoji a ƙarƙashin layin. Baba Disfensa ya ce aikin aidin ne. Inna Hassi ta ce ikon Allah na. Ni ban ga abin gardama a tsakaninsu ba.

Muna murna sai ga wani ƙurji a ƙwaurin hagu. Ashe su biyu ne. Na zauna na yi dariya har hawaye, don kukan ya ƙare mini.

Wannan karon shi da kansa ya fere karan ya ba ni. Mako biyar muna murzawa. Wata rana ƙwayar dawa uku, wata rana ko ɗaya, mu ɗaure mu bar shi. A cikin makonnin nan aka sake aiko neman kafinta, a Magami wannan karon. Ya ce wa ɗan aiken a gaishe su, yana da baƙo a ƙafa, sai ya sallame shi. Mun ci tsaki, mun ci tafasa da rama ba mai, akwai ranar da Rahila kaɗai ta ci. Ba a yi mana ruwan sulalla daga sama ba, kada wani ya ƙara wa labarina gishiri. Amma ba ranar da aka wayi gari babu curin nan a kan katanga. Ana fara yankan gero, wata safiya na murza sai na ji sakayau, wutsiyar ta fito da 'yar lanƙwasarta, ba ko tsinkewa. Ya fi tsawon hannuna daga kafaɗa.

Na naɗe karan a ganye na ba wani mai zuwa kasuwar Bunguɗu, na ce ya kai wa Yaya Nomau, ya ce masa inji Saratu: ya fita duka, ba a yanka komai ba, kuma ba sanarwar mutuwa ba ce. Inna Hassi ta ce wannan neman magana ne. Na ce ƙwarai kuwa.

Bayan kaka sai ga jakin nan a ƙofa da dami biyu na dawa. Yaya bai ce uffan a kan dutse ba, mu ma ba mu ce ba. Ya nemi ruwa, na ɗebo masa daga tukunyar nan, don ita na wanke na mai da ta ta ruwan sha, da ƙyalle ɗaure a bakinta. Ya tambayi amfanin ƙyallen, na gaya masa. Da zai tafi ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce yaransa biyu na kwance da kurkunu. Na yaga masa rabin ɗankwalina. Har yau bai janye maganar cewa na cuci ƙanensa ba, ni ma ban roƙe shi ya janye ba.

To ga abin da nake so ku ɗauka. Ku tace ruwa. Kada ku binne takarda. In kurkunu ya leƙo, ko sarki ne ya aiko kiranku ku ce kuna da baƙo. Kuɗin auduga har yanzu bai tashi ba, ban kuma san ranar da zai tashi ba, na dai daina kwana da shi a raina.

Gwiwar dama ta sandare, ba ta lanƙwasuwa. Ba zai ƙara hawa rufi ba. A zaune yake aiki yanzu a ƙofar gida, da zarton da na hana a saya, yana yin akwatuna da kujerun tsugunno, wata rana a saya wata rana a wuce. Ranar Lahadi a ɗakin sujada in an ce a durƙusa, kowa ya durƙusa sai shi kaɗai a tsaye, dafe da sanda, kansa a sunkuye. Ni daga wajen mata nakan buɗe ido ɗaya, Allah ya gafarta mini, in duba ƙasa inda yake tsaye in ƙirga ƙafafunsa. Biyu.